Jinin wane ne a cikin wannan kwalba?

Duk shekara akan turo mana ɗalibai daga makarantun koyon aikin lafiya domin su yi 'yan watanni a ɗakin gwaje-gwajen asibitin da nake aiki, kuma kusan dukkansu da buri ɗaya suke zuwa, wato su ga ranar da za su soka allura sau ɗaya jini ya biyo. Ba na ganin laifinsu, domin ni ma haka na zo. Wanda ya samu jijiya a hannun jaririn da gudawa ta tsotse, bayan mutum uku sun gwada sun kasa, yakan wuni ana yi masa kallon gwani, kuma daɗin wannan kallo ba ƙarami ba ne ga matashi. Sai dai abin da nakan faɗa musu a ranar farko, wanda ba kasafai yake shiga kunnensu ba sai daga baya, shi ne hannu yakan saba da allura cikin 'yan makonni, amma tabbatar da cewa jinin da ke cikin kwalba na mai sunan da ke jikin kwalbar ne, wannan aiki ne da ma'aikaci zai yi ta fama da shi har ranar da zai yi ritaya.

Bari in fara da allurar, tunda ita ce ta fi ɗaukar hankali. A lanƙwasar gwiwar hannu akwai jijiyoyin jini guda 3 da muke nema. Ta tsakiya ita ce abin so, domin tana da kauri, tana kusa da fata, kuma ba ta cika gocewa ba idan allura ta taɓa ta. Idan ba a same ta ba sai a koma ga wadda ke ɓangaren babban yatsa. Ta ɓangaren ƙaramin yatsa ita ce zaɓi na ƙarshe, saboda kusa da ita akwai babbar jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, da kuma wadda ke kai saƙon ji da motsi ga yatsu, kuma wanda aka taɓa wa wannan ta biyun zai ji kamar lantarki ya ja shi har tafin hannu. Littattafan da muka karanta a makaranta cike suke da hotunan hannayen Turawa, inda jijiya ke fitowa shuɗiya ana ganin ta daga nesa, alhali a hannun mafi yawan mutanenmu yatsa ne ke gani ba ido ba. Jijiyar da ake so takan lotsa ta dawo idan an danna ta, wadda ke bugawa ba ita ake nema ba, wadda kuma ta yi tauri kamar igiya agara ce, babu jini a cikinta. Da hunturu jijiyoyi sukan noƙe, musamman a hannun tsofaffi, don haka nakan sa mutum ya sauke hannunsa ƙasa na ɗan lokaci ko a ɗumama wurin, maimakon in yi ta lalube da allura a ƙarƙashin fata.

Sauran ƙa'idojin sanannu ne ga duk wanda ya yi aikin. Ana goge wurin da sifirit a bar shi ya bushe da kansa, kimanin daƙiƙa 30, ba a hura masa iska da baki kuma ba a sake taɓa shi da yatsa. Allura tana shiga a kwance, bakinta mai yanka yana kallon sama. Robar da ake ɗaure damtse da ita, wadda a wurare da yawa safar hannu ce kawai aka mayar igiya, bai kamata ta wuce minti ɗaya a ɗaure ba, kuma ana kwance ta kafin a zare allura. Kwalaben zamani masu zuƙo jini da kansu, waɗanda kamfanin Becton Dickinson ya fara sayarwa da sunan Vacutainer tun 1949, suna da jerin da ake cika su: kwalbar neman ƙwayoyin cuta a jini da farko, sai mai shuɗin murfi ta gwajin daskarewar jini, sai mai ja ko ruwan ɗorawa, sai kore, sai mai launin shunayya, sannan mai ruwan toka ta gwajin suga. Dalilin jerin shi ne kowace kwalba da sinadarinta, kuma ɗigon sinadarin wata zai iya ɓata gwajin wata. Mai launin shunayya tana ɗauke da EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, wanda ke haɗe da fotashiyam kuma yake kama kalsiyam, saboda haka idan ya shiga kwalbar gwajin gishirin jini, sakamako zai nuna fotashiyam ya hau sama ƙwarai, kalsiyam kuma ya faɗi. Haka nan idan aka ɗebi jini a hannun da ake ƙarin ruwa, ko aka matsa sirinji da ƙarfi ta cikin siririyar allura har jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe.

Abin lura game da waɗannan kurakurai shi ne yawancinsu suna tona asirin kansu. Jinin da ƙwayoyinsa suka fashe, da zarar an juya shi a na'ura ruwansa zai fito ja maimakon fatsi-fatsi. Mutumin da ya shigo da ƙafarsa yana gaishe mu, aka ga fotashiyam ɗinsa ya kai adadin da zuciya ba za ta jure ba, kowane ma'aikaci mai hankali zai ce a sake ɗiba. Kuskuren suna ba shi da irin wannan alama. Jinin lafiya lau yake, na'ura ta auna shi daidai, wanda ya duba sakamako ya sa hannu da gaskiyarsa, komai ya cika sai abu ɗaya: sakamakon na wani ne daban. Farfesa Mario Plebani na jami'ar Padua a Italiya da abokin aikinsa Paolo Carraro sun bi diddigin kurakuran ɗakin gwaje-gwajen asibitinsu a 1997, suka sake yi bayan shekara 10, kuma a duka karo biyun fiye da kashi 60 cikin 100 na kurakuran sun faru ne tun kafin jini ya kai ga na'ura. Wannan a asibitin da ke da kwamfuta da wadatar ma'aikata ke nan.

Ni kaina ban ɗauki maganar da muhimmanci ba sai da ta faru a hannuna, a shekarata ta biyu da fara aiki. An kira ni ɗakin mata da dare aka ba ni takardu guda 5, ni kuma domin in rage wa kaina wahala sai na zauna a teburin nas na rubuta sunaye a jikin kwalabe duka kafin in shiga. Ɗaya daga cikin takardun ta wata mai jego ce da ta zubar da jini sosai bayan haihuwa, ana son a auna yawan jininta kuma a san rukuninsa domin a yi mata ƙari. Takardar ta nuna lambar gadonta. Na je gadon na kira sunan, matar da ke kwance ta ce na'am, na ɗebi jini na wuce. Abin da ban sani ba shi ne da yamma an matsar da mai jegon zuwa gadon da ke kusa da teburin nas domin a riƙa sa mata ido, aka kwantar da wata a gurbinta, kuma wannan ta biyun sunansu ɗaya, sunan mahaifansu ma ɗaya. Sakamako ya fito yana cewa jajayen ƙwayoyi kashi 34 ne cikin 100 na jininta, wato ba ta da ƙarancin jini sosai, rukuninta kuma B. Allah ya sa babbar nas ɗin da ke aikin daren tsohuwar hannu ce. Ta karɓi takardar, ta je ta buɗe fatar idon mai jegon, ta juya tafin hannunta, sannan ta aiko a kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Ɗana, wannan sakamakon ba na wannan baiwar Allah ba ne, je ka sake." Da na sake a hannun mai jegon ta ainihi, kashi 16 na samu, rukuninta kuma O.

Sai da na koma ɗakinmu na zauna sannan girman abin ya sauka a kaina. Tun 1901 Karl Landsteiner ya nuna a birnin Biyana cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, kuma mai rukunin O yana ɗauke da garkuwar da ke farfasa ƙwayoyin jinin A da na B da zarar sun shiga jikinsa. Abin da kan biyo baya shi ne rawar sanyi, ciwon baya, faɗuwar bugun jini, fitsari ja, sannan ƙoda ta tsaya, kuma ba sai an ƙarar da ledar jini guda ba kafin hakan ta fara. Akwai gwajin da muke yi na haɗa jinin mai bayarwa da na mai karɓa kafin a fitar da leda, wanda mutane ke ɗauka shi ne kariya ta ƙarshe, amma da wane jini zan yi wannan gwajin? Da jinin da ke cikin kwalbar da na kawo, wato na ɗaya matar. Da ledar B ta dace da shi sarai, da na sa hannu, da an ɗaura wa mai rukunin O. Kuma ko da ba a kai ga ƙarin jinin ba, sakamakon kashi 34 kaɗai ya isa ya sa likita ya ce ba ta buƙatar jini, a bar mace mai kashi 16 ta kwana a haka.

Ƙasashen da suka riga mu tsara wannan aiki sun daɗe da gane matsalar. A Birtaniya tun 1996 suke da tsarin tattara rahoton haɗurran ƙarin jini na ƙasa baki ɗaya, kuma jinin wani a kwalbar wani yana cikin abubuwan da suke ƙirgawa kowace shekara, har ta kai asibitocinsu ba sa ba da jini ga wanda ba su da tarihin rukuninsa sai an ɗebi samfuri biyu a lokuta daban-daban sun yi daidai, in ba a halin gaggawa ba. A Amurka hukumar da ke tantance asibitoci ta wajabta tun 2003 cewa a tabbatar da majinyaci da alamomi aƙalla 2, kuma lambar ɗaki ko ta gado ba ta cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan batu cikin shawarwarinta na kare majinyata a 2007, ta kuma maimaita shi a littafin jagorar ɗiban jini da ta fitar a 2010. Alamomin da suka fi dogara da su su ne cikakken suna da ranar haihuwa, tare da lambar asibiti da ke rubuce a wata munduwar roba da ake ɗaura wa majinyaci a wuyan hannu. Ƙa'idar tana da kyau, kuma ita muke koyarwa. Matsalata da ita ita ce an gina ta ne a kan mutanen da kowannensu ke da suna ɗaya tsayayye da ranar haihuwa rubutacciya, mu kuwa ba haka muke ba.

Hausawa na cewa suna linzami ne, amma a bencin jiran asibiti linzami ɗaya yakan juyo da kai biyar. A kira Aisha Muhammad ko Fatima Abubakar ko Musa Ibrahim a ga mutum nawa za su ɗago. Wannan ma shi ne mai sauƙi. Mafi wuya shi ne mutum ɗaya mai suna uku. Akwai sunan yanka, wanda liman ya raɗa ranar suna, akwai kuma wanda ake kiran mutum da shi a gida har ya manne masa. Abubakar shi ne Garba shi ne Habu, Usman shi ne Shehu, Umar shi ne Sanda, Yusuf shi ne Maitama, Hauwa ita ce Kulu, Aisha ita ce Indo, Fatima ita ce Binta, Khadija ita ce Dije. Ga sunayen rana, Ladi da Talatu da Laraba da Jummai da Asabe, da Ɗanladi da Ɗanjuma, waɗanda wasu tsofaffi ba su taɓa amsa wani suna ba sai su. Tsohuwa za ta zo yau da jikanta ya yankar mata kati da sunan yanka, bayan wata uku ta dawo da maƙwabciya a rubuta mata takardar gwaji da sunan rana, mu kuma mu buɗe mata sabon tarihi kamar ba mu taɓa ganin ta ba. Suna na biyu shi ma ba ya zama wuri ɗaya. Mace takan ba da sunan mahaifinta kafin aure, ta ba da na mijinta bayan aure, idan auren ya mutu ta koma na farko ko ta ɗauki na sabon miji. Namiji kuwa wani lokaci sunan garinsu ko unguwarsu ne a ƙarshen sunansa, kamar yadda makarantun boko suka saba yi tun da, sai ya zama ɗaruruwan mutane suna tarayya a kansa. Ga kuma bambancin rubutu, domin Muhammad kaɗai ana rubuta shi ta hanya huɗu ko biyar, kuma 'yan'uwanmu da ke zuwa daga Maraɗi ko Damagaram takardunsu da rubutun Faransanci suke, inda Usman ke zama Ousmane, Abubakar ya zama Aboubacar.

Sai alkunya, wadda babu littafin ɗiban jini da ya san da zamanta. Uwa ta kawo ɗanta na fari, ka tambaye ta sunansa, sai ta sunkuyar da kai ta yi murmushi, ko ta ce "yaron nan", ko ta juya ga ƙanwar mijinta da ta rako ta. Wata ba za ta faɗi sunan yaron ba domin sunan surukinta aka sa masa, sai ta ce Abba ko Baffa ko mai sunan malam. Matar ƙauye da yawa ba za ta ambaci sunan mijinta ba ko da shi ne a katinta. Ɗalibi mai gaggawa yakan ɗauki wannan a matsayin taurin kai, ya yi tsaki, ya karanto sunan da ke takarda ya ce, "Shi ne ko?" ita kuma ta gyaɗa kai domin ta huta. A nan ne kuskure yake shiga, domin tambayar da amsarta "e" ce ba tambaya ba ce. Mutanenmu suna amsa kiran ma'aikacin asibiti da na'am saboda ladabi, ko saboda kunne ya yi nauyi, ko saboda zazzaɓi ya rufe su, ko kuma don sun gaji da zama tun asuba suna fatan layi ya zo kansu. Abin da nake yi da mai alkunya shi ne in nemi wanda ya rako ta ya faɗa, idan kuma ita kaɗai ce sai in ce, "Inna, ba ni katin da kika zo da shi," in gwada lambarsa da ta takardar gwaji, sannan in tambaye ta unguwarsu da watannin yaron, abubuwan da ba ta jin nauyin faɗa.

Ranar haihuwa kuwa, wadda ita ce ginshiƙi na biyu a ƙa'idar Turawa, a wurinmu sau da yawa ƙiyasi ce. Wanda ya taɓa duba rajistar asibiti zai yi mamakin yawan mutanen da aka haifa ranar 1 ga Janairu, alhali magatakarda ne ya cike gurbin da kwamfuta ta ƙi bari a tsallake. Dattijo zai ce maka yana da wayo lokacin da aka kashe Sardauna, wato 1966, ko an yi masa aure shekarar da aka kashe Murtala, wato 1976, kuma daga nan za ka iya kintatar shekarunsa, amma ba za ka iya bambanta shi da tsaransa mai irin sunansa ba. Shi ya sa a ganina lambar katin asibiti ita ce alamar da ta fi ƙarfi a wurinmu, sai suna da sunan mahaifi daga bakin mai su, sai unguwa ko ƙauye a matsayin na uku. Jarirai sabbin haihuwa suna da tasu matsalar, domin ba a raɗa suna sai rana ta 7, kuma a cikin wannan makon ne ake yawan kawo su da ciwon shawara ana neman a auna jininsu. Dole a rubuta "jaririn wance" da lambar katin uwar, idan kuma tagwaye ne a ƙara na farko ko na biyu, a ɗaura alamar a ƙafar kowannensu, domin kafin su zama Hassan da Hussaini a bakin dangi, mu a wurinmu jarirai biyu ne masu uwa ɗaya da ranar haihuwa ɗaya da fuska ɗaya. Wanda aka kawo daga haɗarin mota ba ya cikin hayyacinsa kuma babu ɗan'uwa tare da shi, ana ba shi lambar wucin gadi a rubuta a filasta a manna a hannunsa, kuma da wannan lamba za a ci gaba har sai an haɗa ta da sunansa a rubuce.

Duk waɗannan kuskure ne na rashin sani. Akwai wanda ya fi su wuyar kamawa, wato inda majinyacin da kansa yake taya kuskuren ɓuya. Aron kati ya zama ruwan dare: mace ta zo da katin yayarta ko na kishiyarta domin kada ta biya kuɗin sabon kati, ko mutum ya zo da katin inshorar ɗan'uwansa ma'aikacin gwamnati. Za ka tambayi suna a faɗa maka na katin ba tare da inda-inda ba. Ba na zargin talaka da ya yi haka, domin na san abin da kuɗin kati yake nufi ga wanda ya sayar da kaza kafin ya hau mota, amma sakamakon yana shiga fayil ɗin mai katin ya zauna. Wata rana mai katin ta ainihi za ta zo haihuwa, a buɗe fayil a ga rukunin jinin da ba nata ba, ko a ga an rubuta mata ciwon hanta da ba ta da shi. Idan na yi zargin haka, misali katin ya nuna shekara 45 ga yarinyar da ba ta wuce 20 ba, nakan rage murya in ce mata ba za a kore ta ba kuma ba za a kai ta ƙara ba, ina son in san jinin wa nake ɗiba ne kawai. Mafi yawansu sukan faɗi gaskiya.

Gwajin kafin aure ya ƙara wa wannan batu nauyi. A 2024 gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, wanda ya haɗa da cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta da kuma jinotayif, kuma tun kafin dokar limamai da iyaye da yawa sun riga sun fara neman takardar. Dalilin a fili yake, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, kimanin jarirai 150,000 a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin 4 yana ɗauke da AS, wato ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai ba tare da ciwon ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin 4 ya zo da SS, wato sikila. To amma takardar da aure ya rataya a kanta takarda ce da wani zai so ya murɗe, kuma hanya mafi sauƙi ba ita ce ba wa ma'aikaci cin hanci ba, ita ce a turo aboki ya miƙa hannu da sunan ango. A irin wannan gwaji ban yarda da suna daga baki kawai ba, sai na ga katin shaida mai hoto, na dubi hoton na dubi fuskar, domin kama da wane ba wane ba ne. Nakan kuma tambaya ko an yi wa mutum ƙarin jini cikin wata 3 da suka wuce, saboda mai SS da aka ƙara wa jinin mai AA gwajinsa zai iya fitowa kamar AS, kuma wannan ma jinin wani ne yake amsa sunan wani, sai dai a cikin jijiya ɗaya.

Game da rubutu a jikin kwalba, masana sun saɓa a kan ko a rubuta kafin ɗiba ko bayanta, amma sun haɗu a kan cewa a gaban majinyaci za a yi. Ni tun daren nan na ɗakin mata na tsaya a kan bayan ɗiba, kafin in ɗaga daga gefen gadon, kuma mutum ɗaya nake gamawa da shi kafin in taɓa kwalbar wani. Ana rubutawa a jikin kwalbar ne ba a murfi ba, domin murfi ana cire shi a ɗakin gwaji. A asibitocinmu da yawa ɗan'uwan majinyaci ne ake ba wa jini ya kai ɗakin gwaje-gwaje, wani lokaci a cikin sirinjin da aka ɗeba da shi, an naɗe da takardar gwaji, babu ko harafi a jikinsa. Irin wannan ba na karɓa, kuma na sha zagi a kansa. Mutum zai ce mini da idonsa ya ga an ɗeba a hannun mahaifiyarsa, ya riƙo shi bai ajiye ko'ina ba, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ne, amma ban san sirinji nawa ke kan farantin nas ɗin lokacin da ta miƙo masa wannan ba. Sake huda hannun tsohuwa abu ne mara daɗi, sai dai ciwonsa na minti ɗaya ne. Inda kawai nake sassautawa shi ne samfurin da ba a iya sake ɗiba cikin sauƙi, kamar ruwan da ake zuƙowa daga ƙashin baya idan ana zargin sanƙarau, kuma shi ma sai likitan da ya ɗeba ya zo da ƙafarsa ya rubuta sunan ya sa hannu.

Wani abin da na ƙara a aikina, wanda ba a koya mini a makaranta ba, shi ne karanta wa majinyaci abin da na rubuta. Masu karatu nakan juya musu kwalbar su gani da idonsu, waɗanda ba su yi boko ba kuma in karanta musu da ƙarfi. Yana cin kamar daƙiƙa 10, kuma a ranar da mutum 80 ke jira a benci ɗalibai sukan ga kamar ɓata lokaci ne. Kwanakin baya wani dattijo ya zo gwajin suga, bai karya ba tun daren jiya kamar yadda aka umarce shi, yana ta mitar cewa za mu ƙarar masa da jini. Na nuna masa kwalbar na ce abin da ke ciki bai kai cokalin shayi ɗaya ba, alhali a jikinsa akwai kusan lita 5, kuma wanzamin da ke yi masa ƙaho yana fitar da wanda ya fi haka. Ya yi dariya ya ce ai na wanzami mataccen jini ne. Da na gama na ce, "Baba, saurara in karanta maka," na karanto sunansa da na mahaifinsa kamar yadda suke a takardar da likita ya ba shi. Sai ya ɗaga hannun da ba ya danne da auduga ya ce sunan farko nasa ne, amma na biyun ba mahaifinsa ba ne, sunan mahaifin wanda suka shiga wurin likita tare ne, maƙwabcinsa, wanda ke zaune a waje yana jiran a kira shi. Na leƙa na karɓi takardar maƙwabcin, sai ga ta da sunan mahaifin dattijon, kuma gwajin da aka rubuta a kanta na ƙoda ne. Na ajiye kwalbar a gefe, na tura ɗalibar da ke tare da ni ta mayar da takardun biyu ɗakin likita a gyara, na ce wa dattawan su ɗan ƙara haƙuri kada su karya tukuna.